Tambaya: ƙanzon albarushi yana hana ni ɗura bindigar toka bayan harbi uku

Ɗan Adar, Tawa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma cikin abin da ya faɗo hannuna a rabon gado akwai tsohuwar bindigar toka wadda ake ɗurawa ta baki. Ta bambanta da irin wadda maƙeranmu suke ƙerawa mai santsin ciki, domin idan aka haska tocila a bakinta ana ganin tsagi sun bi bututun suna murɗawa har ƙasa, kuma da ƴar hular tagulla mai kunna albarushi take tashi, ba da dutsen ƙanƙara mai ba da tartsatsi ba. Na gyara takardunta a wurin hukuma tun kafin in taɓa ta, na faɗi haka ne don kada a fara mini da wannan tambayar.

Abin da ke damuna shi ne ɗuri. Nakan fita da ita gonarmu a bayan gari, in kafa tsohon kwano a jikin tudu in gwada hannu. A harbin farko dalma takan sauka salin-alin, a na biyu sai na ɗan danna, daga na uku zuwa na huɗu kuwa kamar ana cusa taɓarya a bakin gora. Makon jiya dalmar ta tsaya cak a tsakiyar bututu, ba gaba ba baya, sai da na yi ta bugun sandar ɗuri da dutse kafin ta sauka, gumi yana zuba duk da sanyin hunturu. Na kuma lura cewa harbin farko ne kawai yake zuwa kusa da kwanon, na baya kuwa sai inda Allah ya kai shi.

Da na koma gida na leƙa ciki, sai na tarar baƙin abu ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wani abokina mai gyaran babur ya ce in zuba baƙin mai in goge, na bi shawararsa, abin ya koma kamar kwalta, tsumma ba ya cire shi. A daminar da ta wuce ban sha wahalar ɗuri haka ba, amma wata rana da na yi harbi da yamma na jingine ta ban goge ba, kwana biyu kacal jar tsatsa ta bayyana a bakin bututu. Don Allah mene ne yake kawo wannan ƙanzo, me ya sa ya fi tauri da ɗari, kuma da me ake fitar da shi ba tare da an ɓata bindigar ba?

Tsohon Maharbi, Tawa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Kafin in amsa abin da ka tambaya, bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya tsaya mini a rai. Ranar da dalma ta maƙale maka a tsakiya, ka gode wa Allah da ba ka ce bari in harba ta fita ba. Duk lokacin da aka bar sarari tsakanin albarushi da dalma aka ja kunama, bututu yana iya kumbura ko ya fashe a hannun mai shi, kuma na ga mutumin da ya rasa yatsu ta wannan hanya. Ka saka sandar ɗuri a bututu lokacin da babu komai a ciki ka yi mata shaida daidai baki, ka sake yin wata shaidar bayan ka ɗura yadda ya kamata. Daga ranar sanda ce za ta riƙa gaya maka ko dalma ta zauna a kan albarushi ko da saura. Idan ta sake maƙalewa, ka tabbatar babu hula a kan ƙofar wuta, wato ƴar kafar da wuta take bi ta kai ga albarushi, ka ɗiga ruwa kaɗan ta baki, ka jira ƙanzon ya jiƙa, sa'an nan ka tura. Bugu da dutse yana lotsa dalma ne ya ƙara cushe ta.

Maganin ƙanzo tsakanin harbi da harbi ba wani abu mai tsada ba ne. Ka yanka tsumman auduga ƙanana ka zuba a aljihu, kada ka yi da yadin roba domin narkewa yake yi. Bayan kowane harbi ka jiƙa ɗaya da miyau ko da ruwa, ka matse shi har ya zama danshi kawai, ka tura sau ɗaya har ƙasa ka jawo, ka juya shi ka maimaita, sa'an nan ka bi da busasshe. Kada ka yi ta kai da kawowa kamar mai daka, domin haka yana tara dauɗar a gindin bututu ta toshe ƙofar wuta, ka ja kunama hula ta fashe bindiga ta yi shiru. Kada kuma tsumma ya yi sharkaf, ruwan zai sauka ya kashe albarushin da za ka zuba.

Wannan shafar tana da wani amfanin, wato tana kashe tartsatsin da kan ɓuya a cikin ƙanzo. Ko da ka shafa, kada ka taɓa zuba albarushi kai tsaye daga ƙahon da kake ajiye shi. Ka auna a ɗan ma'auni, ka rufe ƙahon, ka zuba fuskarka tana gefe. Baƙin mai kuwa ka mayar wa abokinka ya zuba a babur. Ruwa ake wanke bindigar toka da shi, tun kakanninmu.

Malamin Kimiyya, Yamai:

Baba Maharbi, Allah ya ƙara girma, ka gama magana ta fuskar aiki. Ni zan ɗan ƙara bayanin dalili, domin wanda ya san dalilin abu ba ya mantawa da shi.

Baƙin albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani gishiri da ake kira fotasiyam naitiret. Idan ya kama wuta ba duka yake zama iska mai tura dalma ba. Fiye da rabin nauyinsa, wajen kashi 55 cikin 100, yakan rage a matsayin daskararren abu. Wani sashe yana fita ta baki, shi ne farin hayaƙin nan mai kauri da ake gani ranar hawan salla, sauran kuma ya manne a jikin bututu. Saboda haka ƙanzon da ƙanena Ɗan Adar yake gani ba alamar lalacewar bindiga ba ne, halin albarushin ke nan, ko da wanda ya fi kowanne kyau aka samu.

Babban abin da ke cikin wannan ƙanzo shi ne fotasiyam kabonet, wato ainihin sinadarin da iyayenmu mata suke tacewa daga tokar karan gero idan za su yi ruwan tokar miya. Wanda ya taɓa ajiye gishirin toka a ɗaki da damina ya san yadda yake jan danshi har ya narke da kansa. To haka ƙanzon bindiga yake, kuma daga nan amsoshin tambayoyin suke fitowa. Da damina iska tana ɗauke da danshi, ƙanzo yana sha ya yi laushi, ɗuri ya zo da sauƙi, amma wannan danshin da ya haɗu da gishiri shi ne yake cin ƙarfe cikin dare ɗaya ko biyu. Da hunturu kuwa, lokacin da danshin iska a ƙasar Adar yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, ƙanzon ba ya samun abin da zai sha, zafin harbi na gaba ya ƙara gasa shi, ya cika tsagin nan har dalma ta rasa inda za ta kama. Shi ya sa saiti yake ɓacewa. Mu da ke bakin kogi a Yamai tsatsa ta fi damunmu, ku na Tawa kuma tauri ya fi damunku.

Tunda gishiri ne, ruwa yake narkar da shi, man fetur da danginsa ba sa narkar da shi. Abin da baƙin mai yake yi shi ne ya lulluɓe gishirin su zama wannan kwalta, idan wuta ta zo kuma ta ƙara dafa su tare. Kitse da man itace sun bambanta, domin idan suka haɗu da toka sukan ɗauki hanyar zama sabulu, kamar yadda ake yin sabulun salo, don haka ƙanzon da ya haɗu da su yakan zauna da laushi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da za ka ji lokacin wanki kuma daga farar wuta yake, kada ya tayar maka da hankali, sai dai ka yi wankin a tsakar gida.

Wannan matsala ta daɗe tana wahalar da waɗanda suka fi mu kayan aiki. Bindiga mai santsin ciki, irin wadda ƴan bindigar Sarkin Damagaram Tanimun suka riƙe a ƙarni na 19 lokacin da ake haɗa albarushi a cikin birnin, tana haƙuri da dauɗa domin harsashinta bai cika bututu ba. Mai tsagi kuwa dole dalma ta matse kafin ta juya, don haka ƙanzo kaɗan ya ishe ta. Sojojin Ingila da aka fara bai wa bindigar Baker a 1800 har ƴar gudumar katako aka haɗa musu don buga harsashi. Sai wajen 1849 wani kyaftin na sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kammala harsashi mai rami a gindi, wanda bai kai faɗin bututu ba, yana sauka da sauƙi ko da akwai dauɗa, idan wuta ta tashi kuma gindin ya buɗe ya kama tsagi. Da irinsa aka yi yaƙin Kirimiya da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Ba a rabu da ƙanzo sosai ba sai da Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, wanda aka fara amfani da shi a bindigar Lebel ta 1886.

Maƙerin Kasuwar Katako, Yamai:

Malam, Allah ya gafarta, ka rufe da albarushi marar hayaƙi, ni kuma da shi zan buɗe, domin ina tsoron wani ya karanta ya ce ashe ga magani. Kada kowa ya kuskura ya fasa harsashin zamani ya juye garin cikinsa a bindigar toka wai don ya huta da dauɗa. Ƙarfin da yake bugawa ya wuce abin da aka ƙera waɗannan bututu su ɗauka nesa ba kusa ba, kuma ba ya ba da gargaɗi kafin ya tarwatsa ƙarfe.

Ɗan Adar, ga yadda nake wanke irin taka idan an kawo mini. Da farko ka tabbatar da sandar nan mai shaida cewa babu ɗuri a ciki, domin tsofaffin bindigogin gado sau da yawa da ɗurinsu ake samunsu. Ka raba bututu da ƙota idan tana rabuwa, ka kwance ɗan hancin da hula take zama a kai, ka tsoma gindin bututu a bokitin ruwa mai ɗan sabulu. Ka naɗa tsumma a kan sanda yadda zai matse, ka tura ƙasa ka jawo sama a hankali. Za ka ga yana zuƙo ruwa ta ƙofar wuta yana fesar da shi kamar famfo, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ka zubar ka sake wani, har sai ruwa ya fito garau, sa'an nan ka ɗauraye da wanda babu sabulu. Ɗan hancin ka jiƙa shi daban, ka bi kafarsa da siririyar waya, ka shafa wa zarensa maiƙo kafin ka mayar, in ba haka ba wata rana sai an kawo mini shi na sa wuta. Idan bututun ba ya fita daga ƙota, ka toshe ƙofar wuta da tsinke, ka cika shi da ruwa ka bari ya ɗan jima, ka kifar, ka kiyaye kada baƙin ruwan ya bi katako.

Tunda ka riga ka zuba baƙin mai, ruwa kaɗai ba zai fitar da shi ba a karon farko. Ka fara da tsumma mai kananzir har kwaltar ta saki, ka goge, sa'an nan ka koma ga ruwa da sabulu. Kada ka sa takardar yashi ko burushin ƙarfe mai tauri, za ka cinye bakin tsagin da shi ne darajar bindigar.

Ni da ruwan sanyi nake yi. Ruwan zafi yana sa jar tsatsa ta fito nan take tun kafin mutum ya ɗauko busasshen tsumma, kuma gishirin nan ba ya bukatar zafi kafin ya narke. Ka guji ruwan rijiya mai zartsi, kada ka wanke gishiri da gishiri. Bayan tsumma ya fito a bushe ka jingine bututun a rana baki ƙasa na ɗan lokaci, ka shafa mai, kuma ka sake bin sa da farin tsumma washegari da kuma bayan kwana uku. Dalili shi ne tsohon ƙarfe yana da ƙananan ramukan da tsatsa ta ci a baya, dauɗa tana ɓuya a cikinsu ta fito daga baya. Idan ka haska ka ga ramukan sun yi zurfi, musamman kusa da gindi, ka kai wa wanda ya san aikin ya duba kafin ka sake harbi.

Tsohon Maharbi, Tawa:

Maƙeri, duk abin da ka faɗa na yarda da shi in ban da maganar ruwan sanyi. Fiye da shekara arba'in da ruwan zafi nake wanke tawa, wanda hannu ba zai iya jurewa ba, kuma har yau cikinta yana ƙyalli. Amfanin zafin ba narkar da ƙanzo ba ne, shi ne ƙarfen ya ɗauki zafi ya busar da kansa har cikin lungun ƙofar wuta inda tsumma ba ya kaiwa. Jar tsatsar da kake faɗa ta sama-sama ce, tsumma ɗaya mai maiƙo ya ishe ta, muddin mutum bai tafi shan shayi ya bar bututu a jiƙe ba. Kai kana da rana tsaka a maƙera, maharbi kuwa bayan magariba yake dawowa, wace rana zai shanya a ciki? Abin da ba na yi wa sassauci shi ne kwana. Bindigar da ta yi harbi ba ta kwana da dauɗarta, ko an dawo da gajiya kamar me, ko da tuwo yana hucewa.

Malamin Kimiyya, Yamai:

Ina ganin Baba da Maƙeri kowa yana da gaskiyarsa, wanda zai yi wanki da dare ya yi da mai zafi ya gaggauta shafa mai, wanda yake da rana ya yi da mai sanyi. Abin da ya rage ba a taɓa ba shi ne maiƙon tsumman da ake naɗe dalma da shi, kuma shi ne rabin maganin ƙanzon hunturu, domin kowane harbi yana barin ɗan maiƙo a jikin bututu wanda ke hana dauɗa ƙanƙamewa. Tun da can kitse da kakin zuma ake haɗawa. Da irin wannan haɗi aka shafe harsasan bindigar Enfield ta 1853, kuma labarin da ya bazu cewa kitsen shanu da na alade ne yana cikin abin da ya tunzura sojojin Indiya, Musulmi da Hindu, suka yi wa Ingila tawaye a 1857.

Mu nan man kaɗanya ya wadatar, ko kitsen tunkiya da aka narkar aka tace, amma dole ya zama babu gishiri a ciki ko kaɗan. Man kaɗanya yana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 40 ba, kakin zuma kuwa sai ya haura 60, saboda haka da bazara a ƙara kaki don kada maiƙon ya tsiyaye ya jiƙa albarushi, da ɗari kuma a rage shi don tsumma ya yi laushi. Man gyaɗa ban ba da shawararsa ba wajen ajiya, domin idan ya daɗe yana yin danƙo. Kuma duk man da aka ajiye bindiga da shi, a goge shi tas kafin ɗurin farko, a fasa hula ɗaya ko biyu babu albarushi, baki yana kallon ƙasa kusa da busasshiyar ciyawa. Idan ciyawar ta motsa, ƙofar wuta a buɗe take.

Ɗan Adar, Tawa:

Baba Maharbi, Malam, da yayana Maƙeri, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Na jira sai da na gwada kafin in dawo. Na fara da kananzir kamar yadda aka ce, tsumma tara na ɓata kafin kwaltar ta saki, sa'an nan na tsoma a bokiti. Sai da na sauya ruwa sau biyar kafin ya fito garau, warin kuwa har mahaifiyata ta leƙo tana tambaya ko ƙwan zabi ne ya fashe. Da ruwan ɗumi na yi, don kada in saɓa wa kowa a cikinku. Da na kwance ɗan hancin na tarar kafarsa ta kusa toshewa gaba ɗaya, kuma washegari farin tsumma ya fito da ɗan ja-ja kamar yadda Maƙeri ya faɗa, a rana ta uku ya fito fes.

Jiya da safe na fita gona da tsumman auduga da na shafe da man kaɗanya da ɗan kaki. Na yi harbi goma sha biyu ina shafawa da danshi bayan kowanne, kuma na ƙarshe ya sauka kusan kamar na farko, sanda tana tsayawa daidai shaidarta. Bakwai sun sami kwanon. Sau ɗaya kawai hula ta fashe bindiga ba ta tashi ba, na riƙe ta tana kallon tudu na jira kusan minti guda kafin in taɓa komai, daga baya na gane tsumman ne na jiƙa da yawa.

Abu ɗaya ya rage mini. Kamar taƙi ɗaya daga gindin bututu, daidai inda dalma take zama, ina jin sanda tana ɗan cijewa ko bayan wanki, kuma da tocila ina hangen wani zobe mai duhu a wurin. Yayana Maƙeri, ina da tafiya Yamai bayan salla, idan ka yarda zan ɗauko bututun da takardunsa in kawo maka Katako ka duba mini ko ƙanzo ne ya rage ko kuwa tsatsa ce ta riga ta ci wurin. Kafin nan na rataye ta, ba zan sake ɗura ta ba.